Wurin da Shata Ya Yi Shiru

Rikodar gidanmu batir shida take ci, manya-manya. Baba ne ya sayo ta a Legas a wata tafiya da ya kai lodi, ya shigo da ita a naɗe cikin bargo kamar jaririya, ya ɗora ta kan kabad ɗin Inna, sannan ya tara mu ya kafa doka: ba mai taɓa ta sai shi. Ko ƙura ce ta hau, Inna kaɗai aka yarda ta goge, ita ma da gefen zane. Muna zaune a Funtuwa lokacin, 'yan jihar Kaduna ake ce mana, don sai a 1987 aka yanke Katsina. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, sai dai ya ce Uwata. Sauran mutanen gida kuwa Jummai suke ce mini, don ranar Juma'a aka haife ni.

Baba direban babbar mota ne, mai bodin katako. Da kaka auduga yake ɗauka, in ta ƙare ya koma hatsi daga kasuwannin Bakori da Ɗandume, ya bi ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ya haye gadar Jebba ya gangara kudu. Sai ya yi mako biyu ba mu sa shi a ido ba. A tasha yake barin motar, saboda haka ba ma jin dawowarsa. Sai dai mu farka da sassafe mu ji kalangu na tashi ƙasa-ƙasa daga ɗakinsa, mu san yau akwai burodi da lemo.

Shata yake ji. A Funtuwa wannan ba abin tambaya ba ne. Ko da yake a Musawa aka haifi Alhaji Mamman Shata, mu dai namu muka ɗauke shi, tunda a garinmu ya kafa gida, kuma ba yaron da bai san ƙofar gidan ba. Baba yana da kaset ɗinsa sun fi ashirin a wata jakar fata, duk na kwafi, irin waɗanda mai kaset na bakin tasha ke ɗaukar maka, ya rubuta sunan waƙa da biro a jiki. In ya tashi da natsuwa, Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu yake fara sawa. In tafiya ta yi riba, Bakandamiya. Amma wadda ya fi ƙauna ita ce ta Ummaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu. Yakan ce ita ke hana shi gyangyaɗi tsakanin Tegina da Mokwa, in dare ya tsala, yaron mota ya yi barci ya bar shi daga shi sai sitiyari.

Kaset ɗaya ne a jakar da ba na Shata ba, na Ɗan Maraya Jos, saboda Waƙar Karen Mota. Da karen mota Baba ya fara, shekara bakwai yana sa weji yana kwana a ƙarƙashin mota kafin a yarda ya riƙe sitiyari. In kuntigin nan ya fara, ba ya amshi, ba ya kaɗa kai, sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Sau ɗaya na ji ya ce wa Yaya, "Wannan mutumin ya san yunwa." Bai ƙara komai a kai ba.

Inna kuwa ba ta da rabo a rikoda, kuma ba ta nema ba. Nata waƙoƙin a bakinta suke. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi na sayarwa, in tana matsar tunkuza sai ka ji tana rera na Barmani Choge, ita ma 'yar ƙasar Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya na mata da ake kira amada. Waƙar nan da Barmani ke yi wa macen da ba ta sana'a tsiya, Sakarai Ba Ta Da Wayo, ita ce ba ta barin bakin Inna, musamman in abokiyar zamanta da muke kira Goggo tana kusa. Goggo ba ta sana'a sai kitso jefi-jefi. Ba su taɓa faɗa a gabanmu ba. Inna ta yi waƙarta, Goggo ta ƙara wa taɓarya nauyi a turmi, shi ke nan an gama magana.

A 1985 abin ya faru, ina 'yar shekara goma. Baba ya dawo daga tafiya, ya fita tasha wajen lissafi da mai mota, ya bar rikoda da kaset a ciki. Na daɗe ina lura da yadda yake danna ta. Na leƙa, ba kowa, na shiga na taka gado na miƙa hannu. Maimakon madanni ɗaya sai yatsuna suka haɗa biyu, har da jan nan na gefe. Zare ya fara juyawa, amma ba kiɗa. Na kara kunne a jikin lasifika, shiru. Ina nan ina jira Inna ta ƙwala mini kira daga tsakar gida, na kashe na fita da gudu, ban san na yi ɓarna ba.

Bayan sallar lisha Baba ya fito da rikoda zaure, abokansa uku na zaune ana cin goro, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa. Shata ya ɗauko waƙar Ummaru, 'yan amshi na karɓa, kalangu ya yi zafi, kowa ya yi tsit. Kwatsam kiɗa ya yanke, ƙit. Sai ƙarar taɓarya. Sai kukan ƙanena da ke goye. Sai muryar Inna, tar, kamar a tsakiyar zauren take tsaye:

"Jummai! Ke Jummai! Zo ki kore mini akuyar nan kafin ta sa baki a gyaɗar mutane!"

Sannan numfashin wani dab da lasifika, da wata 'yar siririyar murya tana cewa, "To wai shi me ya sa ya ƙi magana?" Daga nan Shata ya dawo ya ci gaba da waƙarsa, ko a jikinsa.

Abokan Baba suka yi ta dariya har ɗaya ya ƙware da goro. Ni kuwa fitsari ne kawai ban saki ba. Ba sai an yi bincike ba, ɓarawo ya bar muryarsa a wurin sata. Baba ya kashe rikoda ya ce, "Uwata, zo nan." Na zo jiki na ɓari. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga abokansa ya ce, "Ku gaya mini, wa ya isa ya daki uwarsa?" A daren ya zazzage jakar, ya bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ɓalle 'yan kunnuwan nan na sama da bakin makulli, yana nuna wa Yaya cewa in an ɓalle su jan madanni ba ya shiga.

Wadda ta fi kowa jin zafin abin Inna ce. Matar kulle, a ce muryarta ta fita zaure gaban maza, kuma wai faɗa da akuya! Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ta roƙi Baba ya mayar wa mai kaset a sake ɗaukar waƙar a kai, abin da bai wuce 'yan sulalla ba. Ya ce to. Bai kai ba. Ya dai daina sa shi a zaure, ya mayar da shi mota. Amma wani lokaci yakan shigo da shi gida mu ji, har muka haddace wurin. Mu a gidanmu haka waƙar take: baiti, amshi, baiti, akuya, amshi.

A 1988 aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata, a can na faɗa Indiya tsundum. Da ma yayyenmu maza sukan saci jiki su je silima su dawo suna ba mu labarin Dharmendra, da suke kira Sarkin Ƙarfi, da rawar Mithun a Disco Dancer. Mace mai mutunci ba ta taka ƙofar silima, sai dai ta ji a bakin maza ko ta leƙa talabijin ɗin maƙwabta. A makaranta ne na ga 'yan birni, tashin Kaduna da Kano, kowace da littafi guda na waƙoƙin Indiya, an rubuta yadda kunne ya ji, an zana fure a gefe. Ba wadda ta san ma'anar kalma ɗaya. Ranar Asabar muna wanki a bakin famfo, wannan ta ɗauki muryar namiji, waccan ta mace, mu yi ta rerawa har da kukan ƙarya.

Mun ɗauka kowace jaruma da muryarta take waƙa, har musu muke, wance ta fi wance zaƙin murya. Sai da na girma na ji ashe yawancin muryoyin da muke musu a kai na mace ɗaya ne, Lata Mangeshkar, ita ke waƙar su kuma suna motsa baki. Ranar da aka sanar da rasuwarta a watan Fabrairun 2022, tana da shekara 92, na kira wata ƙawata ta makaranta da muka yi shekaru ba mu gaisa ba. Ko sallama ban gama ba na fara rera wata da muke yi a bakin famfo. Ta karɓe daga inda na tsaya, da kalmominmu na ƙarya, ba ta manta ko ɗaya ba. Ina jin jikokinta suna tambaya ko lafiya.

Abin dariyar, in aka kama ki kina waƙar Indiya a gida zagi za ki sha. Amma karin nan dai shi ɗin, in aka cire kalmomin aka sa yabon Manzon Allah, shi muke rerawa a Islamiyya ranar Maulidi, iyaye na share hawaye. Inna da kanta ta sha rera irinsa tana tankaɗe. Ban taɓa gaya mata inda aka samo karin ba.

Sai zancen sunana. Haruna Uji, mai gurmi na Haɗeja, yana da waƙar Jummai, kuma duk Jummai ta zamaninmu ta sha tsokana da ita. Ni tawa ta wuce tsokana. Bayan na gama sakandare a 1993 akwai wani ɗalibin kwalejin horon malamai da ke zuwa zance wurina, mai kunya, in ya zo rabin hirar da ƙasa yake yi. Abin da bakinsa ya kasa sai ya kai Rediyon Kaduna. Lokacin Zaɓi Sonka na tashe: ka sayi kati, ka rubuta sunayen waɗanda kake gaisarwa, a karanta duk Arewa na ji, har Nijar da Kamaru da Gana. Wata rana da yamma muna tsakar gida sai ga sunansa, yana gaida iyayensa da abokansa, da kuma Jummai a Funtuwa, wadda ta san kanta. Aka saki gurmin Haruna Uji. Goggo ta rangaɗa guɗa. Na shige ɗaki ban fito ba sai da aka kira magariba.

Ba shi na aura ba. Baba ya ce ya fito, shi kuwa ko albashin farko bai ɗauka ba, ya nemi a jira shi shekara biyu, Baba ya ce 'ya mace ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Na yi kukana na share. A 1995 aka ɗaura mini aure da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, aka kawo ni Kano, inda nake har yau. Ina amarya, cikin hira, wauta ta sa na ba Malam labarin katin nan. Bai ce uffan ba. Washegari ya dawo daga kasuwa da 'yar leda, ya sa kaset a rikoda, ya zauna ya harɗe yana kallona. Gurmi ya tashi. Na ce, "Haba Malam, wannan ai mugunta ce." Ya ce, "A'a, ni dai na ga wancan kati ya saya, ni kuwa kaset ɗin gaba ɗaya na sayo." Har yau in ya ga na kumbura da ita yake lallashina, yana kaɗa gurmin da baki.

A watan Yunin 1999 Shata ya rasu, a nan Kano ya cika, aka kai shi Daura aka rufe. An ce mini an gama yi wa Baba lodi ke nan ya ji a rediyo, ya sauko ya ce wa yaronsa a kwana. Mai kaya ya yi ta faɗa, Baba ya ce in sauri yake ya nemi wata motar. Da na je gida na yi masa ta'aziyya kamar an yi mana rashi a dangi, shi ma haka ya karɓa.

Akwai waƙar da ba na iya ji, kuma ba laifinta ba ne. Duk wanda ya zauna a Kano a shekarar 2000 ya san yadda Sangaya ta cika gari. Fim ne na Ali Nuhu da Fati Muhammad, amma waƙar ta fi fim ɗin tafiya. Lokacin ne kiɗan fiyano ya fara ture kalangu a gidajen biki. Mai shayi, mai faci, motar haya, ko'ina ita ce. Haihuwata ta biyu mace ce, na sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Shekararta biyu, ko magana ba ta gama iyawa ba, amma da ta ji an sa sai ta dafa kujera ta miƙe tana lanƙwasa gwiwa. Da gangan mukan sa mata don mu yi dariya.

Da bazarar shekarar ƙyanda ta shigo unguwarmu. Ta kama Ummi, ta sauka mata a ƙirji. Kwana tara muka yi a asibiti. Gadonmu na jikin taga, a bayan katanga kuma akwai mai sayar da kaset da ya kafa lasifika, tun safe har dare abu ɗaya yake sawa. A kwana na uku da ta ji, ta buɗe ido ta motsa yatsun ƙafa, na ce wa Malam ka gani, sauƙi ya fara samuwa. A kwana na tara da hantsi ta cika a hannuna, waƙar na tashi a bayan katanga, mutane na ta cinikinsu. Na so in aika a ce masa ya kashe, sai na ga bawan Allah abincinsa yake nema, bai san da mu ba.

Na haifi huɗu bayanta, duk suna raye, alhamdu lillahi. Amma ko a gidan biki aka ce bari a tuna da, aka sako ta, sai in nemi takalmina. Ƙawayena na kusa sun sani, su ke yi wa mai kiɗa alama ya canza.

Inna ta rasu a 2003, bayan gajeriyar jinya. Hotonta ɗaya ne muke da shi, na fasfo ɗin Hajjin da Allah bai nufe ta da zuwa ba. Bayan sadakar bakwai Baba ya ƙi zama a gida, ya ce karɓar gaisuwa ta ishe shi. Goggo ta zuba tuwo, na ja wani ɗan yayana muka kai masa tasha. Muka sami motar can ƙarshen fili, inji a kashe, shi kaɗai a gaba. Kafin in yi sallama na ji kalangu. Sai ƙit. Sai taɓarya. Sai Inna tana kirana in kore akuya. Da Shata ya dawo sai Baba ya kashe, ya ciro kaset ɗin, ya zura biro a ramin ya juya baya kaɗan, ya mayar. Ya san adadin juyin, bai wuce ba bai gaza ba. Sau uku ina tsaye. Na ja da baya a hankali, na ba yaron kwanon na ce ya jira kaɗan kafin ya kai.

Ban taɓa gaya masa na gani ba. Shekara 18 kaset ɗin ya yi a mota kafin wannan rana, zarensa ya tsinke sau biyu yana liƙewa da jan farce, kuma duk tsawon shekarun nan mai kaset na nan a bakin tasha, taku kaɗan daga inda yake ajiye mota.

Laifin ɓatansa nawa ne. Baba ya rasu a 2011. Da aka zo rabon gado ba wanda ya kalli jakar fata, don lokacin kaset ya zama tarkace, kowa ya koma memori, a Kano ka je Farm Centre a cika maka waya da waƙoƙi kan kuɗi kaɗan. Na ga jakar a akwatinsa na ƙarfe, na ce a ajiye mini sai na sake zuwa, kayana sun yi yawa ga goyo. Daminar 2012 ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba, ɗakin Baba ginin ƙasa ne, ya zauna. Da aka tone, akwatin ya ɓalle, laka ta shiga ko'ina. Ƙanena ya wanke kaset ɗin ya shanya, ya kai wa mai gyaran rediyo, zaren ya manne ya zama danƙo. Abin da zai shige jakar hannuna fa, ko nauyi ba zan ji ba.

Barmani ta bi su a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Yarana da nasu suka tashi, su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita. Wasu na yi mini daɗi, wasu in ji kamar injin markaɗe, tunda na'ura ke gyara muryar har ba ka bambance wane da wane. Na Aminu Ala ne nake zama in saurara, don shi yana auna kalma. A Islamiyyarmu ta matan aure malam ya sha wa'azi kan kiɗa, ban yi masa musu ba, kuma na rage da yawa, yanzu karatu ya fi yawa a wayata. Amma ba zan yi ƙarya in ce na goge sauran ba.

A kullen korona na 2020, ga azumi, ga rashe-rashen dattawa da suka yi yawa a Kano har mutum na tsoron ɗaga waya, gida ya yi mana ƙunci. Malam bai saba zama ba, kasuwa a rufe, sai kai da kawo yake yana neman wanda zai yi wa faɗa. Lokacin Jaruma ta Hamisu Breaker ke tashe, mata na ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa da ita suna sawa a intanet, malamai na ta faɗa. Autata ta nuna mana a waya. Malam ya yi tsaki ya ce duniya ta lalace. Can da dare yara sun kwanta sai ya ce, "Jummai, wai ke ba ki iya irin ta yaran nan ba ne?" Na ce, "Malam, da wace gwiwar?" Muka yi dariyar da muka yi wata biyu ba mu yi ba. Ban yi rawar ba dai, kar wani ya ɗauka.

A cikin kullen nan ne babban ɗana, da zaman banza ya ishe shi, ya ce in faɗi duk waƙar da nake so ya nemo mini a YouTube. Na ce ta Ummaru Ɗan Ɗanduna. Ya samo ya sa, na ce ba ita ba ce. Ya ce, "Umma, ga sunan nan a rubuce." Na ce na ji, amma ba ita ba ce. Yaran yanzu ba su san Shata ba ya maimaita waƙa iri ɗaya ba, kowane wasa da yadda za ta zo masa, ya ƙara nan ya rage can, ya sako sunan wanda ya hango a wurin. Ya nemo ta biyu, ita ma ba ita ba. Ta uku kuwa, tun bugun kalangu na farko na ce ya ƙaro murya.

Na zauna a bakin gado ina bi, baiti, amshi, baiti. Tun kafin a iso wurin na ji na riƙe numfashi. Aka iso. Shata bai tsaya ba. Ya wuce abinsa, ya shiga wasu baitoci da na manta ma akwai su, waɗanda na goge da yatsana shekara 35 da suka wuce, kusan minti guda, masu daɗi kuwa. Ashe abin da na hana Baba ji ke nan. Ni kuwa ji na yi kamar na shiga ɗakin Inna na tarar an kwashe kayanta an share.

Na ce, "Mayar da ita baya kaɗan." Ya ja da yatsa. Na ce, "In na ɗaga hannu ka tsayar." Da aka iso na ɗaga, ya tsayar, ɗakin ya yi tsit. Ya zuba mini ido yana jiran bayani. Na ƙirga a zuciyata, taɓarya, kukan yaro, sannan na buɗe baki na ƙwala kiran sunana sau biyu, na ce a zo a kore akuyar nan kafin ta sa baki a gyaɗar mutane. Malam ya leƙo daga tsakar gida yana tambaya wace akuya kuma. Na ce wa yaron, "To, sake shi ya ci gaba."